Rumbun adireshi: yadda ɗaliban yaƙi da jahilci za su adana karatun intanet

A ranar 8 ga watan Yuli na 2025, kamfanin Mozilla ya rufe Pocket, manhajar da mutane da yawa ke ajiye shafukan intanet a cikinta don su karanta daga baya. An ba masu amfani da ita ƴan watanni su kwashe abin da suka tara. Wannan labari ya shafi duk mai koyon karatu da salula a Tanut da Belbeji.

Mene ne rumbun adireshi?

Kowane shafi na intanet yana da adireshi. Rumbun adireshi wuri ne da jama'a ke tara adireshin shafuka masu amfani, su liƙa wa kowane ɗaya kalmar shaida, kamar "hatsi", "bisashe" ko "lissafi". Wanda ya nemi kalmar zai ga duk abin da ƴan'uwansa suka ajiye ƙarƙashinta. Shafin Delicious ne ya yaɗa wannan dabara tun daga 2003. Kamfanin Yahoo ya saye shi a 2005, daga baya ya yi ta sauya hannu, har a 2017 aka daina karɓar sabuwar ajiya a cikinsa.

Me ya sa abin ya shafe mu?

A 2009 da 2010, shirin ABC na ƙungiyar CRS ya shigar da salula cikin azuzuwan manya a jihohin Doso da Damagaram. Bincike ya nuna cewa ɗaliban da suka koyi aiki da salula sun fi sauran ci gaba a rubutu da lissafi. Yau abin karatu ya ƙaru: akwai Wikipedia ta Hausa, da bayanan noma da kiwo na RECA, da bidiyon Access Agriculture cikin Hausa. Amma a Damargu ƙauyuka na nesa da juna, rezo ba ya samuwa ko'ina, kuɗin intanet kuma da tsada. Wanda ya ɓatar da adireshi sai ya sake biya kafin ya gano shi.

Darasin Delicious da Pocket shi ne: dabarar tana da kyau, amma rumbun na wani ne, kuma mai shi na iya rufe shi.

Abin da ya kamata a yi

1. Aji ya amince da kalmomin shaida biyar ko shida, a rubuta su a allo.
2. A zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa tara adireshi a zauren WhatsApp na aji.
3. A rubuta sunan shafi da adireshinsa da kalmarsa a littafi ɗaya da zai zauna wurin malami.
4. Idan an je kasuwa inda rezo ke da ƙarfi, a sauke darasin cikin salula.

Rubuta wannan littafi shi ma darasi ne, domin ɗalibi na karantawa, yana rarrabewa, yana kuma rubutawa da hannunsa.