Waiwaye: Takardar da Ta Kwana a Aljihun Tebur

Ina yaro na raka kawuna, manomin albasa a Galmi, bin sawun takardar filinsa a wani ofishi. Lokacin Malbaza, wadda Galmi ke cikinta, tana ƙarƙashin Ƙonni, domin sai a 2011 ta samu cin gashin kanta. Sau huɗu muna biyan kuɗin mota, sau huɗu ana ce mana mu dawo jibi. A zuwa na biyar wani dattijon masinja ya tausaya, ya ce, "Alhaji, bari in duba maka." Ya jawo aljihun tebur, sai ga takardar a ƙarƙashin ƙunshin goro, gefenta ya yi ja. Sa hannun mutum ɗaya take jira, shi kuwa bai ma san ta iso ba.

Ba ƙeta aka yi wa kawu ba. Babu dai wanda aka ɗora wa nauyin sanin inda kowace takarda ta tsaya.

Yau zamani ya juya. Ma'aikatan duwan na Nijar suna aiki da SYDONIA, manhajar da hukumar kasuwanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirƙiro a farkon shekarun 1980. Takardar kaya tana shiga, ana ganin matsayinta: an yi rajista, an ƙiyasta haraji, an biya, an saki. Launin kore a kan takarda na nufin wuce, ja na nufin sai an buɗe kaya an duba.

Kwanan baya wani ƙanena, mai kula da kwamfutocin wani ofishi, ya nuna mini ɗan umarnin da ya rubuta wa na'ura. Kowace safiya tana bin jerin takardu ɗaya bayan ɗaya, ta ware waɗanda suka kwana bakwai ba su motsa ba, da sunan teburin da suka maƙale. Ya ce, "Yaya, na'ura ta gama nata. Saura a samu mai karantawa."

Nan darasin yake. Jerin ba ya sa hannu, ba ya jin kunyar tsohon da ya taso daga Illela cikin ƙurar hunturu. Shugaban ofis da zai buɗe jerin nan kafin ya sha shayi, ya kira mai teburin ya tambaye shi dalili, shi ne magajin masinjan nan da ya jawo mana aljihun tebur. Bayan kowane layi akwai mutum da ya bar gonarsa yana jira.