Kora da Hali: Yadda Ake Cinikin Tsoro a Shiyyoyin Tambuwal

Na so a wannan makon in ci gaba da maganar ƙa'idojin rubutu, amma wani abu ya faru a shiyyarmu da ya hana ni sakat, kuma na ga ya shafe mu kai tsaye. Wanda ya zo neman bayanin inda ake sa waƙafi ya yi mini uzuri zuwa wani makon.

Bayan sallar isha'i aka tara mu a zauren mai unguwa, wai taron tsaro. Shawara biyu aka kawo. Ta farko, kada wani mai gida ya sake ba mutumin ƙauye hayar ɗaki sai ya kawo masu tsaya masa biyu 'yan asalin gari. Ta biyu, a fitar da duk masu kwana a kangayen bayan shiyya kafin wata ya mutu. Wanda ya fi kowa ɗaga murya wani bawan Allah ne da ya gama gininsa bara, gida mai katangar da ta kusa tsawon mutum biyu, ga waya mai ƙaya a kanta, ga fitilun sola. Ya ce: "Wanga wuri ya cika da baƙin ido, ba mu san inda sunka hito ba." Wani dattijo da ke gefena, wanda a shiyyar aka yanke masa cibi, ya sunkuyo ya raɗa mini: "Ɗana, shi wanga da ka magana, ka san inda yah hito?"

Na sani mana. Daga ƙasar Kebbe ya fito, kuma abin da ya koro shi shi ne ya koro mutanen kangon. Kebbe tana iyaka da Zamfara da jihar Kebbi, kowa kuwa ya san abin da ɓarayin daji suka mayar da ƙauyukan wannan yanki. Hanya ɗaya suka biyo zuwa Tambuwal. Shi ya samu ya sayar da shanunsa kafin a kore su, ya shigo da kuɗi a aljihu. Su kuma nasu shanun da hatsin sun tafi a kuɗin fansa, suka shigo da tabarma da tukunya. Shi ana cewa Alhaji ya dawo cikin gari, su kuma an raɗa musu baƙin ido. Ban ga laifinsa da ya gina gida ba, Allah Ya sanya albarka. Abin da na ƙi shi ne mutum ya tsallake rijiya da baya, sannan ya juyo ya ce a janye igiyar.

A cikin masu kwana a kangon akwai wata baiwar Allah mai 'ya'ya huɗu da ke soya ƙosai da safe a bakin hanya. Rabin mutanen da suka zauna a zauren nan ƙosanta suke karyawa da shi. Ba wanda ya ambace ta, kuma ba wanda ya ce a kira ko mutum ɗaya daga cikinsu a ji ta bakinsa. An yi shari'a, an yanke hukunci, wanda ake tuhuma yana can yana kora wa 'ya'yansa sauro.

Bari mu bi sawun kuɗin, don a nan maganar take. Tambuwal tana kan babban titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega. Duk wanda ya ji ƙauyensu ya yi zafi, kuma yana da abin hannu, irin wannan gari yake nema: akwai kwalta, akwai jami'an tsaro, akwai kasuwa da asibiti. Sai gonakin gefen gari suka zama fulotai. Inda muka yi kiwon awaki muna yara, yanzu turakun siminti ne a jere. Mai gona ya ga kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, ya sayar. Bayan shekara biyu kuɗin sun ƙare, ba gona, kuma filin da ya sayar ko kwatansa ba zai iya saye ba. Masu gidajen haya suka ga ana layi, suka ɗaga farashi. Wani abokina tela, wanda ya shekara bakwai a shago ɗaya, an ninka masa haya a tashi ɗaya, ya kwashe kekensa ya koma zauren gidansu.

A tsakiyar wannan ciniki akwai dillali, kuma babban jarinsa bakinsa ne. Idan yana son sayar maka da fuloti a sabuwar shiyya, sai ya ce nan akwai tsaro, manyan mutane ne kewaye da kai. Wannan kalma kaɗai ta ƙara wa filin daraja. Idan kuma yana zawarcin tsohon gida na gado a cikin gari, sai ya sami magada ya ce ai shiyyar nan ta lalace, 'yan shaye-shaye sun cika ta, ku sayar tun yana da daraja. Ya saye da araha, a rushe ginin ƙasa, a ɗora na bulo, a kafa get. Ranar da aka kafa get ɗin, shiyyar da ta lalace ta gyaru, ba tare da an kama ɓarawo ko ɗaya ba. Su kuwa kangayen da ake son a fitar da mutane daga ciki, ku tambayi na waye, ku kuma tambayi nawa za a taya su idan babu kowa a ciki. Ban ce kowa a zauren nan da wannan lissafi ya zo ba. Da yawa tsoro ne na gaskiya ya kawo su. Amma tsoron nasu yana yi wa wani aiki, ko sun sani ko ba su sani ba.

Ga kuma maganar takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma wanda ya riƙe takardar shaidar mallaka shi ke da ƙarfi a gaban hukuma da banki. Tsofaffin gidajenmu mafi yawa shaidarsu ita ce dattawan shiyya da bishiyar da kaka ya dasa. Sabon mai saye shi ya san ofis, shi ke da kuɗin bin takarda. Ranar da rigima ta taso a kan iyaka ko hanyar ruwa, kun san wanda za a fi saurara.

Abin ba a kanmu farau ba. A 1964 wata masaniyar zamantakewa, Ruth Glass, ta lura da yadda masu hali ke saye gidajen leburori a unguwannin Landan ɗaya bayan ɗaya, har a wayi gari 'yan asalin wurin ba sa iya zama a cikinsa, ta kuma raɗa wa abin suna da Turanci. A Legas kuwa ba a tsaya lallashi ba. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta ba mutanen Maroko wa'adin kwana bakwai, ta rushe unguwar, mutum wajen 300,000 suka rasa matsuguni. Hujjar da aka bayar ita ce wurin bai dace da zaman mutane ba, ambaliya da ƙazanta. Yau wurin yana cikin filaye mafi tsada a Najeriya. Ambaliyar ba ta hana masu kuɗi zama ba.

Mu ba mu da buƙatar aro sunan Bature, don Hausa ta riga ta tanada: kora da hali. Da can ma'anarsa ka ƙuntata wa mutum da halayyarka har ya tattara ya tafi ba ka ce masa tafi ba. Yanzu ya sami ma'ana ta biyu, masu hali su kori marasa hali da halin nasu.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan kauce masa ba. Za a ce infoma gaskiya ne. Haka ne. Ɓarayin daji ba duba suke yi ba, wani ne ke gaya musu wanda ya sayar da shanu, da wanda ya karɓi kuɗin sallama, da ƙofar da ba ta da sakata. An yi asarar rayuka ta wannan hanya, kuma wanda aka taɓa ɗauke masa ɗa ba za ka koya masa tsoro ba. To amma mu yi wa kanmu adalci. Wa ya san ka sayar da shanu? Matar da ta iso makon jiya, wadda ko sunanka ba ta sani ba, ko wanda kuka yi cinikin a gabansa? Wa ya san ɗakin da kake kwana a cikin gida mai katanga? Irin wannan sani na kusa ne, na wanda ke shiga yana fita. Idan akwai hujja a kan wani mutum, ko ɗan kango ne ko ɗan gidan bene, a miƙa shi ga hukuma da sunansa. Gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2024, ga 'yan sanda, ga uban ƙasa. Amma a ɗauki jama'a guda a ce dukansu abin zargi ne saboda ba su da kuɗin haya, wannan ba bincike ba ne. Kuma mun ga inda irin wannan kuɗin goro ya kai maƙwabtanmu na Zamfara, inda aka riƙa yanke wa mutum hukunci da kamanninsa da harshensa, wutar ta ƙara ruruwa.

Sannan in tambaya: idan aka kore su daga kangon, ina za su? Ƙauyen da suka baro ba ya zaunuwa. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu da aka kora daga gida da bindiga, aka kuma kora daga gari da taron zaure, wa kuke ganin zai fara yi masa tayin abinci?

Ita kanta katangar ina da ja a kanta. A tsohuwar shiyya, baƙo ba ya wuce dakali uku ba a tambaye shi gidan wa yake nema ba. Tsofaffin da ke zaune a ƙofar gida, da mai shayi da ke kaiwa tsakar dare, da 'yan kabu-kabu da suka san kowane lungu, su ne idon unguwa. Idan mace ta yi kururuwa, kafin ta rufe baki an cika gidan. A sabuwar shiyya kowa ya shige ya ja get, layi ya yi tsit tun da magariba, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. Wanne ne a cikin biyun ya fi tsaro? Wanda ya fi fenti ba lallai ne ya fi ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne a Tambuwal ake wannan magana. Garin nan ribaɗi ne tun zamanin jihadi, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna, wato wurin da ake tara jama'a a bakin iyaka don su tsare juna. Shi kansa Shehu Usmanu a 1804 hijira ya yi daga Degel zuwa Gudu da jama'arsa, sun bar gidaje da gonaki. Muna alfahari da wannan tarihi a wa'azi da waƙa, amma da masu hijirar zamaninmu suka iso ƙofa sai muka ce su kawo masu tsaya musu biyu.

Kuma ba mu daɗe da ɗanɗana irin wannan ba. A daren 25 ga Disamba 2025, lokacin da Amurka ta kai hari ta sama a jihar Sakkwato, wani abu ya faɗo a gonakin Jabo, a nan ƙaramar hukumarmu. Kafin gari ya waye sunan Jabo ya zaga duniya haɗe da kalmar ta'addanci. Mutanen garin suka yi ta gaya wa 'yan jarida cewa su ba su san da wasu 'yan ta'adda a garinsu ba, gwamnatin tarayya kuma ta ce wuraren da aka nufa suna can Tangaza. Dukanmu mun ji zafin yadda wanda bai taɓa taka ƙasarmu ba ya shafa mana baƙin fenti daga nesa. To abin da muka ƙi a yi wa Jabo, shi muke yi wa mutanen Kuchi da Girkau da Ungushi, waɗanda muke auratayya da su, muke cin kasuwa ɗaya, har mazaɓarmu ta majalisar wakilai ɗaya ce.

Yanzu in zo kanmu. Ku duba labaran da muke sakawa a Facebook da WhatsApp. Jarumi kullum a ƙaton gida yake, mai gadi na buɗe masa get. Mugu kuwa daga lungu yake fitowa, ko daga ƙauye, da dattin kaya da karyayyar Hausa. Mun maimaita wannan hoto har mai karatu ya haddace, ya fita da shi titi yana auna mutane. Ni kaina na yi. Akwai gajeren labarin da na karanta a taron ƙungiyarmu ta marubuta, inda na sa ɓarawo ya fito daga kango don kawai ban tsaya na yi tunanin wani wuri ba. Aka tafa mini. Yau da na san masu kwana a kango, ba zan iya sake karanta shi a gaban mutane ba. Haka nan saƙon nan na "a yi hattara da baƙin ido a shiyya kaza" da ake turowa ba suna ba hujja, mu da muke kiran kanmu marubuta mu ne ke gyara masa Hausa mu tura gaba. Dillali bai biya mu ko sisi ba, muna yi masa talla.

Wanda ke neman abin rubutawa, ga shi a ƙofar gidansa. Ka je ka tambayi wanda ya sayar da gonarsa abin da ya yi da kuɗin. Ki shiga wurin matan da ke kangon ki ji abin da suka baro da yadda suke samun ruwa. A tambayi shi Alhajin ma, don na tabbata akwai daren da ya sa shi gina katanga mai wannan tsawo, kuma labarinsa ya cancanci a ji.

A zauren na nemi izini na ce abu uku. In za a yi rajistar mazauna, a yi wa kowa, har da masu get da masu gadinsu. A sa wakilin 'yan haya da na masu gudun hijira a kwamitin. Kuɗin da ake tarawa na sintiri kuma a fara sa fitila da su a lungun bayan shiyya, inda ya fi duhu. Aka ce yaro ne, boko ke ɗibarsa, aka ɗage maganar zuwa taro na gaba.

Ba a jira taron ba. Shekaranjiya da safe na fita sayen ƙosai na tarar da murhun a kife. Na leƙa kangon, an share shi tas, an jibge yashi da bulo a ƙofa. Na tambayi mai shayi inda ta koma da yaran, ya ce shi dai ya ga sun nufi tasha da asuba.