DOKA DA JAMA'A: In Aiki Ya Nemi Kuɗinka Tun Ba Ka Fara Ba

Maganar da za mu duba a wannan mako ta shafi kusan kowane gida da ke da wayar hannu, watau tallar nan da ake aiko wa mutane cewa ga aiki ya samu, kana zaune a ɗakinka za ka riƙa samun kuɗi kullum, amma sai ka fara biyan kuɗin rajista tukuna. Tun shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa ma'aikatu da yawa suka umurci ma'aikatansu da su yi aiki daga gida, mutane suka gane cewa lalle ana iya neman abinci ba tare da an taka ƙofar ofis ba. Wannan gaskiya ne. To, amma 'yan damfara ma sun gane, kuma a bayan wannan gaskiya suke fakewa. Abin tambaya shi ne, me doka ta tanadar wa mutumin da aka ce ya biya kafin a ba shi aiki?

Kafin mu je ga doka, bari mu tuna da abin da muka gada. Aikin cikin gida ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Matan aure a Kano da Zariya da sauran garuruwa sun daɗe suna ɗinkin hula da saƙa a cikin gidajensu. Mai kaya shi ke kawo yadi da zare, in an gama ya karɓi kayansa ya biya lada. Haka kuma in ka kai wa tela ɗinki ko ka kira magini, kai ne za ka ba da kuɗin kafin alƙalami. Ashe ke nan tun fil azal daga wajen mai ba da aiki kuɗi ke gangarowa zuwa ga ma'aikaci. Ran da ka ga kogi ya juya yana hawan tudu kuwa, ya kamata ka tsaya ka tambaya ko lafiya.

Wannan zamba ta girmi intanet nesa ba kusa ba. A Amurka an san ta tun wajen 1930, zamanin da tattalin arzikin ƙasar ya karye, mutane suka rasa aikin yi. Akan buga talla a jarida cewa ana neman masu zuba takardu cikin ambulan a gidajensu, a aiko da ɗan kuɗi a karɓi bayani. In mutum ya aika, abin da zai zo masa ta gidan waya shi ne takarda mai cewa shi ma ya buga irin wannan talla, ya karɓi kuɗin wasu. Akwai kuma masu sayar wa mutum kayan haɗa 'yan tsana ko sarƙoƙin ado da alkawarin za su saye in ya gama, in ya kawo sai su ce aikin bai yi kyau ba.

A yau rigar kawai aka sake. Saƙo ne zai shigo ta WhatsApp ko Telegram, a ce ka danna alamar so a kan wasu hotuna ko ka yaba wa wani otal, a biya ka. Da farko akan biya 'yan kuɗi kaɗan don zuciya ta kwanta. Daga nan sai a ce in kana son hawa mataki na gaba, ko kana son fitar da abin da ka tara, sai ka zuba naka kuɗin. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka, wadda ake kira FTC, ta bayyana cewa ƙorafe-ƙorafen irin wannan damfara da ta karɓa sun tashi daga wajen 5,000 a duk shekarar 2023 zuwa wajen 20,000 a cikin wata shida na farkon 2024, kuma a cikin waɗannan watanni shida asarar da aka kai mata rahoto ta zambar aiki iri-iri ta haura dala miliyan 220. In haka ta faru a ƙasar da ilmin boko ya yalwata, babu dalilin da zai sa wanda aka cuta a nan ya ɓuya don kunya.

To, ina matsayin dokar Nijeriya? Sashe na 419 na dokar manyan laifuffuka da ake aiki da ita a kudu, wanda daga gare shi ne 'yan damfara suka sami laƙabinsu, ya haramta karɓar dukiyar mutum ta hanyar ƙarya. A arewa kuma Dokar Final Kod ta tanadi hukunci a kan cuta da yaudara. Amma makami mafi kaifi shi ne Dokar Hana Zambar Karɓar Kuɗi Tun Gaba ta 2006, wadda ta maye gurbin dokar soja mai lamba 13 ta 1995. Sashenta na farko ya ce duk wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar ƙarya da nufin damfara, hukuncinsa ɗauri ne da bai gaza shekara 7 ba, bai kuma wuce 20 ba, babu zaɓin tara.

Akwai abubuwa uku a cikin wannan doka da ya kamata mai karatu ya riƙe da kyau. Na farko, laifin yana nan ko da an karɓi kuɗin ne ta hanyar yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙarya. Saboda haka kada wani ya tsorata ka da cewa ai ka sa hannu ka yarda ba a mayar da kuɗin rajista. Na biyu, sashe na 11 ya umurci kotu ta sa wanda aka samu da laifi ya mayar wa mai dukiya dukiyarsa, ban da ɗaurin da aka yanke masa. Na uku kuwa gargaɗi ne gare mu duka: sashe na 8 ya tanadi hukunci iri ɗaya ga wanda ya haɗa baki ko ya taimaka. Wanda ya san abin zamba ne amma ya ci gaba da jawo 'yan'uwa da maƙwabta don a ba shi kamasho, ko ya ba da aron asusunsa na banki a riƙa zuba kuɗin mutane, ya sani garin neman gira yana iya rasa ido.

Har ila yau, Dokar Ƙwadago, wadda asalinta dokar 1974 ce, ta ce ba wanda zai kafa ofishin samar da aiki mai karɓar lada sai da rubutaccen izinin Ministan Ƙwadago. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta hana talla ta ƙarya ko mai ɓatar da mutane.

Duk da haka akwai giɓi. Dokokin zamba sai bayan ta faru suke tasowa, watau ihu bayan hari. Kafin a ɗaure mutum sai an kamo shi, an tabbatar wa kotu cewa ya yi ƙarya kuma ya yi nufin cuta, alhali kuwa kafin nan ya rufe lambar wayarsa ya kwashe abin da ke cikin asusu. Wanda aka ci wa naira dubu biyar kuma da wuya ya yi ta sintiri a kotu, don kuɗin mota kaɗai ya fi abin da yake bi. 'Yan damfara sun san haka, shi ya sa suke karɓar kaɗan-kaɗan daga hannun dubban mutane.

Wasu ƙasashe sun tari abin tun daga bakin ƙofa. A Ingila, dokar ofisoshin samar da aiki ta 1973 ta haramta wa irin waɗannan ofisoshi karɓar kuɗi daga mai neman aiki don a samo masa aiki, in ban da wasu sana'o'i ƙalilan kamar na 'yan wasan kwaikwayo da masu tallan tufafi. Karɓar kuɗin kanta ita ce laifin, ko an samo aikin ko ba a samo ba.

Amurka kuma wata hanya ta bi. Ran 1 ga watan Maris na 2012 ne ƙa'idar hukumar FTC a kan masu sayar da damar sana'a ta fara aiki a sabon fasalinta, wanda ya haɗa da masu tallar aikin cikin gida. Ƙa'idar ta wajabta wa mai tallar ya ba mutum takarda mai shafi ɗaya, aƙalla kwana 7 kafin ya sa hannu ko ya biya ko sisi. A ciki sai ya faɗi ko an taɓa ƙararsa a kan zamba a cikin shekara 10 da suka wuce, da ko yana mayar da kuɗi in mutum ya fasa, da sunayen mutanen da suka riga suka shiga don a tuntuɓe su. In ya ce ana samun kaza a wata, dole ya rubuta mutum nawa ne cikin ɗari suka sami hakan. Abin sha'awa kuma, da harshen da aka yi tallar za a rubuta takardar. A duba amfanin irin wannan a wurinmu, inda ake yaudarar uwargida da Hausa, sannan a miƙa mata sharuɗɗa da Turanci.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma ta yi magana. Yarjejeniyarta mai lamba 181 ta 1997 ta ce ofisoshin samar da aiki masu zaman kansu kada su ɗora wa ma'aikaci wani kuɗi, kai tsaye ko a fakaice, sai dai inda hukuma ta keɓe bayan ta yi shawara da ƙungiyoyin ma'aikata da na masu ba da aiki. Nijeriya ta amince da wannan yarjejeniya a watan Maris na 2023, kuma tsarin mulkinmu ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago da ƙasar ta amince da su. Sai dai yarjejeniya ba ta ɗaure kowa. Wannan aikin Majalisar Tarayya ne. Kiranmu ga wakilanmu shi ne su fito da sashe gajere, bayyananne, wanda kowa zai iya haddacewa: duk wanda ya nemi kuɗi daga mai neman aiki, na ofis ko na gida, ya yi laifi tun daga nemar. Wanda kuma sana'a yake sayarwa, a wajabta masa takardar bayani da kwanakin nazari.

Kafin wannan rana ta zo, rigakafi yana hannunka. In an ce ka biya kuɗin fam, ko na horo, ko na kayan aiki, ka tambayi sunan kamfanin ka duba shi a Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, ka kuma sani rajista kaɗai ba shaidar gaskiya ba ce. Ka lura ko asusun da aka ba ka na kamfani ne ko na wani mutum. In ana gaggauta ka cewa gurbi zai cika yau, ka ƙara yin jinkiri. In kuwa ta riga ta faru, kada ka goge komai. Ka adana saƙonni da rasit da lambar asusun, ka sanar da bankinka a ranar, sannan ka kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC. Tun 2014 aka soma haɗa asusun banki da lambar BVN, saboda haka sawun kuɗi ba ya ɓacewa da sauƙi kamar da. In kuna da yawa ku haɗu ku je tare, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai aikin gida na gaskiya, kuma matasanmu da yawa suna cin halalinsu da shi. Alamarsa ita ce wadda kakanninmu suka sani: mai aiki shi ke biya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.