Ku daina sayen tambari, ku sayi kwamfuta

Makon jiya wani abokin aikina, malamin kwantaragi, ya shigo ɗakin malamai yana fara'a, ya ɗora kwamfutar tafi-da-gidanka a kan tebur. Albashin wata biyu da kuɗin adashe ya zuba a kanta. Hujjarsa ɗaya ce: ɗan tambarin da ke manne a gefen madannai, an rubuta Core i7. Da muka duba cikakkiyar lambar, sai ga i7-3520M, ƙirar 2012. Ya biya sadakin budurwa, an kai masa tsohuwa.

Ban ga laifin mai shago ba kamar yadda na ga namu, mu da ake kira masu ilimi. A kasuwar Katako ta nan Yamai, maƙera na narka tsohon alminiyon su zuba tukunya, tsohuwar ganga ta koma akwati. Ba mai sayen ƙarfe a can don ƙyallinsa, sai ya ƙwanƙwasa ya ji kaurinsa, ya tambaya ko yana gyaruwa. Amma mu in muka zo kan kwamfuta sai mu ajiye wannan hankalin a gida, mu bi sheƙi.

Lambar da ke bin bayan i5 ko i7 ita ce shekarun haihuwa. A i7-3520M, 3 na nufin zubi na uku. A i5-8250U, 8 na nufin zubi na takwas, wanda ya fito a 2017, mai ƙwaƙwalwa huɗu a ciki, alhali waccan i7 ɗin biyu gare ta. Wato ƙaramin suna ya kayar da babba. Ga kuma abin da ba a faɗa wa mai saye: tun 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye kulawar da ya saba ba Windows 10, Windows 11 kuwa a ƙa'ida daga zubi na takwas take farawa. Duk abin da ke ƙasa da haka, ƙasashen Turai zubar da shi suke yi, mu kuma muna tarba da hannu biyu.

Wasu za su ce ai gara sabuwa dal a kwali, tana da garanti. Wace sabuwa? Wadda albashin malami ke iya kaiwa ita ce mai Celeron da RAM 4, sau da yawa a like yake, ba a ƙara shi. Ka buɗe takardun jarrabawa biyu da intanet, ta tsaya tana nishi. Jikin roba ne, mahaɗin murfin ya karye cikin shekara. Garantin kuma, in ta lalace wa za ka kai wa, mai shagon da zai ce kai ka yar da ita?

Ra'ayina a fili yake: ta hannu mai asali ta fi sabuwa marar ƙashi. Ina nufin irin waɗanda aka ƙera don ma'aikatu, kamar ThinkPad T480 ta 2018, ko Latitude 7490, ko EliteBook 840 G5. Ana kwance su da sukuddireba, a sauya batir, a ƙara RAM, a busa ƙurar hunturu daga fanka kafin zafin watan Afrilu ya dafa su. T480 ma batir biyu gare ta, ɗaya ana zare shi daga waje. Wanda ya zauna a Yamai a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta, ya san darajar wannan.

Ban ce ta hannu ba ta da haɗari ba. Akwai mai mataccen batir, akwai wadda aka kulle da kalmar sirri tun daga tushe, akwai ta sata. Saboda haka kada ka biya sai ka zare caja ka bar ta tana aiki rabin awa a gabanka. Ka tabbatar RAM ta kai 8 kuma ma'ajiyarta SSD ce. Ka danna kowane maɓalli. Ka dubi jerin haruffan ma: mu da ke rubuta darasi da Faransanci AZERTY muka saba, waɗanda ke shigowa ta Najeriya ko Dubai kuwa galibi QWERTY ne, sai ka wuni kana neman é.

Abokin nawa ya koma ya mayar, aka ce masa kayan da ya fita ba ya dawowa. Yanzu yana neman wanda zai saya a rabin kuɗi, kuma ya ce tambarin zai fara nuna masa.