A Auna Direba Kamar Yadda Ake Duba Taya

Tun kafin kiran sallar asuba motocin haya suke fara lodi a Karshi. Ma'aikata da 'yan kasuwa su cika su maƙil, a bi ta Orozo da Kurudu da Jikwoyi da Karu, a faɗa cunkoson Nyanya kafin a kai cikin Abuja. Hanyar Apo zuwa Karshi, wadda aka ba da kwangilarta a 2011 don rage wannan wahala, ta shafe fiye da shekara 10 ba a gama ta ba. Duk tsawon wannan lokaci direba ne ya sha zaman sitiyari daga asuba har lisha.

A kan wannan hanya jami'i yakan tsayar da mota, ya nemi lasin, ya ƙwanƙwasa taya, ya tambayi abin kashe gobara. Amma wa ya taɓa tambayar lafiyar mutumin da rayukan fasinjoji suke hannunsa? Haƙiƙa wannan sakaci ne babba.

Ciwon sukari da hawan jini sun yi katutu a cikin direbobi, domin sana'ar ta gaji dogon zama da ƙarancin barci da cin abin da aka samu a tasha. Mai ciwon sukari, in ya sha magani bai ci abinci ba, sukarin jininsa yakan faɗi, gumi ya keto masa, hannu ya kama rawa, ido ya dushe, tunani ya rikice. Hawan jini kuwa yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali ba tare da ya yi sallama ba, wata rana kwatsam ɓarin jiki ya shanye. Ga kuma mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, wanda yake wuni yana gyangyaɗi, ya nemi agajin goro ko ƙwaya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Daƙiƙa uku kacal na ɗaukewar hankali sun isa a yi jana'iza a gidaje da dama.

A watan Disamba na 2014, a birnin Glasgow na Birtaniya, wani direban motar shara ya suma a kan sitiyari, mutum 6 suka halaka. Bincike ya nuna ya taɓa suma a baya, ya ɓoye. Wannan fa a ƙasar da ake tilasta wa direban babbar mota ganin likita duk shekara 5 da zarar ya kai shekara 45 da haihuwa. To, ina ga inda takardar lafiya ta zama abin cika ƙa'ida kawai?

Masu abin hannu za su ce laifin direba ne. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Talakan da sai ya kai wa mai mota balas kowace yamma kafin ya sayi gari, yaya zai faɗi ciwonsa, alhali ya san ranar da ya faɗa ranar za a karɓe makulli?

Saboda haka lalle ne ƙungiyoyin NURTW da RTEAN, masu karɓar kuɗin tikiti kowace safiya, su ware wani kaso don auna jini da sukari da ido a tasha. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, ta haɗa kai da Babban Asibitin Karshi a mai da wannan awo al'ada ta kowane wata. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa. To, a sa direbobi a ciki. Wanda aka samu da ciwo a yi masa magani, a ba shi lokacin cin abinci da na hutu, kada a kore shi, domin mai kula da ciwonsa yana iya tuƙi lafiya lau.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa masu iko su ji.