Man shanu ko man zaitun: an bar jaki ana dukan taiki



A makon jiya, bayan sallar isha'i, aka kawo wata ƙara zauren dattijon da nake yi wa aikin magatakarda a nan Treichville. Da farko dariya ta ba mu, daga baya muka ga ta kusa taɓa igiyar aure. Wani alhaji ne mai shago a Adjamé, likita ya ce masa ya rage ƙiba saboda hawan jini. Ya koma gida ya kafa doka: daga ranar kada a sake sa masa man shanu a tuwo. Ya sayo man zaitun da tsadarsa, ya ce da shi za a riƙa yi masa girki. Bayan wata uku ya hau ma'auni, ya tarar ya ƙara kilo biyu. Nan take ya yanke cewa ko dai man jabu ne, ko kuma uwargida tana zuba masa man shanu a ɓoye. Ita kuwa ta ce shekara ashirin da bakwai tana dafa masa abinci, ba za a kira ta maha'inciya a kan mai ba.

Ni ma likita ya taɓa yi mini irin wannan gargaɗi, na kuma yi tambaya, na yi ɗan karatu a kai. Ra'ayina shi ne man ba jabu ba ne, Hajiya ma ba ta ha'inci kowa ba. Tambayar da Alhaji ya yi wa kansa ce tun farko ta karkace.

Masana abinci suna auna ƙarfin da abinci ke ba jiki da abin da suke kira kalori, kuma abin da jiki bai ƙona ba shi yake tarawa ya zama teɓa. Babban cokali ɗaya na man zaitun yana da kalori wajen 120. Babban cokali na man shanun Turawa, wanda ake sayarwa a naɗe cikin takarda, wajen 100 ne, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ruwa ne da ragowar nono. Namu na gida, da zarar an soya shi ruwan ya ƙone, ya zama zallan kitse, shi ma ya koma wajen 120. Man gyaɗa haka, manja haka, man jarka da ake sayarwa a kasuwa haka. Ke nan a wajen ƙiba duk kanwar ja ce. Lita ɗaya ta kowane mai tana ɗauke da kalori sama da 8,000, abin da ya yi kusan daidai da kilo guda na kitsen jikin mutum. Shi kuwa Alhaji, da yake ya ɗauki man zaitun magani, sai ya sake jiki: a miya a zuba, a shinkafa a kwarara, da safe ma ya sha cokali biyu kafin karin kumallo. Wannan na safe kaɗai ya kai kalori 240 kullum, wanda sai mutum ya yi tafiyar ƙafa ta kusan sa'a guda kafin ya ƙone shi.

Na san inda wannan ɗauka ta samo asali, domin ni ma a gaban allo na tashi. Alƙur'ani mai girma ya ambaci zaitun a wurare da dama, Allah Ya yi rantsuwa da shi a Suratut Tin, Ya kira itaciyarsa mai albarka a Suratun Nur, kuma akwai hadisi a littafin Tirmizi da ke kwaɗaitar da cin mansa da shafa shi. Ba mai musun wannan. Amma albarkar abu ba ta ɗauke wa mutum hukuncin almubazzaranci a kansa. Zuma ma waraka ce, sai dai ba mu taɓa jin malamin da ya ce mai ciwon sukari ya kafa kai a kwalba ba. A cikin Tirmizin nan dai aka ruwaito hadisin da ya raba ciki kashi uku, na abinci da na ruwa da na numfashi. Wannan shi ne hadisin masu neman rage ƙiba, amma ba shi ake yawo da shi a WhatsApp ba, domin babu abin sayarwa a cikinsa.

Man shanu ma ba abin ƙyama ba ne a sunna. Walimar auren Nana Safiyya, bayan Khaibara, da dabino da cuku da man shanu aka yi ta, kamar yadda ya zo a Bukhari. Akwai kuma labarin da nake yawan tunawa. A shekara ta 18 bayan Hijira, Shekarar Toka, da fari ya addabi Madina da kewayenta, Sayyidina Umar ya haramta wa kansa man shanu har sai talakawa sun samu sauƙi. Ya koma cin gurasa da man zaitun, har launin jikinsa ya canza, cikinsa yana ƙugi. A wancan zamani man zaitun ne abincin marar hali, man shanu na masu wadata. Yau a Abidjan abin ya juye: man zaitun daga ƙetaren teku yake zuwa, daga Sifaniya da Tunisiya da makamantansu, farin da aka yi a Sifaniya a 2022 da 2023 kuma ya ƙara masa tsada a duniya baki ɗaya. Kuɗin lita ɗaya tasa ya sayi litoci da yawa na man gida. Magidancin da ke da baki goma sha biyar a kan tukunya ɗaya, ka ce masa ya koma man zaitun, ba'a kawai ka yi masa.

To, ke nan babu bambanci ko kaɗan? Akwai, amma a jijiyoyin jini yake, ba a kan ma'auni ba. Sama da rabin man shanu kitse ne mai daskarewa, irin wanda ke ƙara mugun kitsen jini da ke toshe hanyoyin zuciya. A man zaitun irin wannan kitse bai wuce kashi 14 cikin ɗari ba, a man gyaɗa wajen 17, a manja kuwa kusan rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irinsa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini. An yi wani babban bincike a Sifaniya mai suna PREDIMED, a kan mutum 7,447 masu haɗarin ciwon zuciya, aka buga shi a 2013, aka sake buga shi da gyara a 2018. Waɗanda aka ɗora a kan abincin mutanen Bahar Rum, mai ganye da wake da kifi, tare da man zaitun, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun ragu a cikinsu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Amma nauyin jikinsu bai yi wata raguwar a-zo-a-gani ba. Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa asibitin zuciya da ke nan Treichville, ya ga layin da ke wurin, ba zai raina wannan amfani ba. Abin da nake cewa kawai shi ne kada a haɗa amfani biyu a gindin ɗaya.

Yanzu bari in taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Man shanun da ake ɗiga wa tuwo da miyar kuka da daddare, nawa yake? Cokalin shayi ɗaya ko biyu. Shi aka kama aka ɗaure, alhali babban ɓarawon yana yawonsa a titi. Alhaji da bakinsa ya amsa cewa kullum da hantsi yaron shago yana sayo masa garba. Garba kuwa namu ne, sunan ma namu ne, domin ana cewa daga 'yan'uwanmu mutanen Nijar da suka fara sayar da shi ya samo suna. Aceke ne da kifin tuna da ake saukewa a tashar jiragen ruwan garin nan, an soya shi tsundum cikin mai, sannan mai sayarwa ya ɗebo man suyar ya kwarara a kai, mu kuma mu ce a ƙara. Man nan sau da yawa ya sha wuta har ya yi baƙi. Da la'asar ga aloko, ayabar da ta sha mai ta ƙoshi. Da dare ga balangu da kitsensa. Ban ce a daina sayen garba ba, Allah Ya kiyaye, da shi yara da yawa daga Tawa da Maraɗi suke aika wa iyayensu abin sayen hatsi. Amma ba laifi ba ne mutum ya ce, "Malam, bar man nan, sa mini albasa da tumatir da yawa."

Mu masu bin dattawa namu ya fi na kowa. Asabar ɗaya sai mu halarci suna biyu da ɗaurin aure uku tsakanin Treichville da Adjamé da Koumassi, ko'ina a kawo shinkafa tana ƙyalli, domin a al'adarmu abincin da mai bai taso a kansa ba rowa ce, baƙon da bai ci ba kuma ya raina masu gida. Iyayenmu da suka zo ƙasar nan fataucin goro da dabbobi sun ci mai, amma a ƙafa suka ƙone shi. Mu daga kujerar shago sai mota, daga mota sai tabarma.

Da mai gida ya juyo ya ce, "Malam, kai me ka gani?" sai na ce, "Ranka ya daɗe, a gani na a kori ludayi daga wajen mai, a kawo cokali." Na auna ludayin gidana da kaina, cokali bakwai yake ɗauka, kuma biyu ake zubawa a miya. Muka koma ƙirga cokali ɗaya ga kowane mai ci, yara ma ba su lura ba sai da aka gaya musu. Man girki na yau da kullum, wanda ya samu man gyaɗa mai kyau ya wadatar, ya fi kusa da man zaitun a wajen zuciya, ya kuma fi kusa da aljihunmu. Mai hali ya sayi man zaitun, ya duba kwalbar ya ga an rubuta vierge extra, ya sa shi a kwaɗon zogale ko na latas a madadin wani mai, ba ƙari a kansa ba. Man shanu kuwa a mayar da shi matsayinsa na asali, wato ƙamshi: rabin cokalin shayi a kan tuwo mai zafi ya isa ya tuna wa mutum gida. Wanda likita ya auna jininsa ya hana shi gaba ɗaya, wannan ya bi maganar likitansa, ba tawa ba.

Mai gida ya sa Alhaji ya ba Hajiya haƙuri a gaban 'yan'uwanta. Ya bayar, murya ƙasa-ƙasa. Hajiya daga bayan labule ta ce ta yafe, amma tana da sharaɗi ɗaya: a kira yaron shago a gaya masa cewa daga gobe ita za ta riƙa aiko da abincin rana, kuɗin garba kuma a hannunta za a riƙa ajiye shi. Na rubuta sharaɗin a littafin zaure, Alhaji ya sa hannu, ya tambaye ni ko ranar Juma'a ma tana ciki.