Wasiƙa Daga Madina: Ba Zan Sayo Shayin Rage Tumbi Ba



'Yan uwa da abokan arziki, barkanmu da shan ruwa. Da fatan kowa yana lafiya, ya ibada, ya kuma haƙuri da rashinmu. Wannan karon ba daga ƙasar sanyi nake rubuto muku ba. Allah Ya nufa na samu 'yar tazara a aikin bincikena, na tattara ɗan abin da na adana na taho umara, yau kwanana shida a birnin Manzon Allah (SAW). Na yi wa kowa addu'a, har da masu riƙe da littattafaina shekara da shekaru.

Tun kafin jirginmu ya sauka saƙonnin tsaraba suka fara shigowa. Dabino, carbi, jallabiya, turare, duk na ji, kuma zan yi bakin ƙoƙarina. Sai dai mutum biyar, ciki har da Gwaggo da babban Yayanmu, abu guda suka roƙa: wai in nemo musu "shayin rage tumbi na Madina". To, gara in ba da amsa sau ɗaya kowa ya ji. Ba zan sayo ba, ko da kyauta aka ba ni. Ku yi haƙuri ku karanta dalilina kafin a ce boko ya ɓata ni.

Shekaranjiya bayan la'asar na shiga wani shago a bayan Harami don in ga abin da idona. Mai shagon ya iya Hausa tiryan-tiryan, ka san sun daɗe da gane inda cinikinsu yake. Ya miƙo min kwali yana cewa, "Alhaji, wannan mujarrabi ne, kwana goma kilo biyar." Na juya bayan kwalin, abu na farko a jerin kayan haɗin shi ne sanamakki. Jama'a, sanamakki ɗan uwan filaskon nan ne da ke fitowa a bayan gari, wanda iyayenmu ke jiƙa wa mai cushewar ciki. Aikinsa gudawa. Ka sha, ka yi ta zarya bayi, ruwan jikinka ya tsiyaye, ka hau sikeli ka ga kilo biyu sun tafi. Kitsen kuwa yana nan daram, da ka sha ruwa kwana biyu nauyin ya dawo. Wanda ya mai da shi abin sha kullum yana zubar da gishirin fotasiyam da zuciya ke buƙata wajen bugawa daidai. Yanzu a ɗora wannan a kan dattijuwa mai azumi cikin zafin gida, wadda dama tana shan ƙwayar hawan jini mai sa fitsari. Wannan tsaraba ce?

Wannan ma mai sauƙi ne, tunda an rubuta abin da ke ciki. Akwai wani magani mai suna sibutramine da likitoci suka taɓa bayarwa don rage ƙiba. A 2010 aka janye shi daga kasuwa a Turai da Amurka saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Daga baya hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano shi a ɓoye cikin shayi da ƙwayoyin da aka rubuta wa "ganye zalla". Yaya, kai da likita ya ce jininka ya hau, ni ne zan ɗauko maka kwalin da ban san cikinsa ba?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ake jingina wannan ciniki da sunan Madina da sunna. An san mu, da an ce abu daga Madina ya fito, ba mai tambaya kuma. Babu mai musun falalar ajwa ko habbatussauda ko zuma. Amma hadisin cin ajwa bakwai da safe, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, a kan kariya daga guba da sihiri yake magana, ba a kan tumbi ba. Dabino abinci ne mai ƙarfi: giram 100 yana da kalori wajen 280, don haka mai zama da faranti yana tsinta daga magariba zuwa sahur ya ci abinci na gaske, ko da ya ce bai ci komai ba. Zuma cokali guda kalori 60 da ɗoriya. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa zuma cikin sukarin da ya kamata a taƙaita, ta ce kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abincin yini, wato kamar ƙaramin cokali 12 ga babba. Gwangwanin lemo guda ya kusa cinye 9 daga ciki.

Hadisin da ya yi magana kai tsaye a kan ciki kowa ya haddace shi tun a Islamiyya, wanda Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito daga Miƙdamu bin Ma'adikarib, mai koyar da raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Shi ne ba a tallarsa a shago, don ba a sa shi a kwali balle a ci riba.

Ku yi tunani kuma: da shayin nan yana aiki, ai da mutanen ƙasar nan sun fi kowa shafaffen ciki. Alhali ƙiba da ciwon sukari suna cikin manyan matsalolin lafiyarsu. Da gwamnatinsu ta tashi yaƙi da abin, ba shayi ta raba ba. A 2017 ta ɗora harajin kashi 50 cikin 100 a kan lemon kwalba, da kashi 100 a kan lemukan ƙara kuzari. A 2019 kuma aka wajabta wa gidajen abinci rubuta adadin kalori a jikin takardar abincinsu. Mai ɗaki ya san inda yake yoyo.

Ni ma na ga yoyon da idona, kuma har da ni a ciki. Shan ruwa a Masallacin Annabi abin sha'awa ne: dabino kaɗan, zamzam, kindirmo, burodin shuraik da garin yajinsu da suke kira dukka. Ka ci, ka tashi salla jikinka sakayau. Amma bayan tarawihi sai mu duka mu kwashi jiki zuwa gidajen abinci, shinkafar kabsa tuli, soyayyar kaza, lemo mai sanyi, har wajen sahur. Kwana uku na yi a haka na ji wandona ya fara ƙorafi. Da safe kuma mu ne a layin mai shayin rage tumbi.

Ni ba likita ba ne, kun san fannina daban, amma ɗakin karatun jami'armu a buɗe yake, kuma tun da aka yanke wa Kawu ƙafa saboda ciwon sukari nake bin wannan magana. Ga kaɗan daga abin da na gani. A 2018 masana a jami'ar Stanford suka fitar da sakamakon gwajin mutum 609: rabi suka rage maiƙo, rabi suka rage su shinkafa da burodi. Bayan shekara guda, waɗancan sun sauke kilo 5 da ɗoriya, waɗannan kilo 6, kusan kunnen doki. Ashe duk rigimar "wane tsari ya fi" ba ta kai tambayar wanne za ka iya riƙewa ba. A 2002 wani gwaji a Amurka mai mutum 3,234 da ke bakin kamuwa da ciwon sukari ya sa wasunsu neman sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, sai kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo 6 da kaɗan ke nan. A ɗaya gefen, a 2016 aka bi diddigin mutum 14 da suka zubar da nauyi cikin gaggawa a wata gasar talabijin ta Amurka, aka tarar bayan shekara 6 akasarinsu sun mai da mafi yawansa. Sauri ya haifi nawa. Ko alluran rage ƙiba na zamani, waɗanda suke aiki da gaske a hannun likita, an ga nauyin yana dawowa idan aka daina.

To me nake so a yi a gida? Ba na ce a bar tuwo ba, wanda ya ce Bahaushe ya bar tuwo bai shirya gaskiya ba. Mai cin malmala uku ya koma biyu, a yawaita miyar ganye. A riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga galan, don kowane babban cokali kalori wajen 120 ne. Lemon kwalba ya koma na ranar suna da biki. Sukarin shayi da kunu a rage shi rabi, harshe yana sabawa. Wake, zogale, rama, yakuwa, kuɓewa, duk muna da su, kuma sun fi kwalin nan araha. Mai ciwon sukari ko hawan jini kada ya bar maganinsa, ya fara shawartar likitansa, musamman a azumi. Kuma don Allah mu daina yi wa mutum barka da tumbi kamar shaidar arziki, mu daina yi wa mai jiki ba'a kuma, don ba'ar ce ke tura mata wajen masu kwali, kamar yadda take tura sirara wajen sha-ka-fashe.

Sai tafiya. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yakan je Ƙuba duk Asabar, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a kan abin hawa. Daga Harami zuwa can kilomita 3 ne da kaɗan, kuma akwai hanyar masu tafiya a ƙafa. Jiya bayan asuba na taka, minti 45 na isa. Wannan sunnar ba ta buƙatar biza. Yaya, daga ƙofar gidanka zuwa masallacin Juma'a bai kai haka ba, amma kullum sai an tada mota.

Tsarabarku tana nan: ajwa, carbi, turare, da tef ɗin tela guda biyar. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawara a 2022 cewa kewayen cikin mutum kada ya kai rabin tsayinsa. Kowa ya auna ya rubuta, idan na dawo hutu mu sake aunawa, har da ni. Gwaggo, na san za ki yi fushi kwana biyu. Na gwammace fushinki da in je duba ki a asibiti.

A gaida yara, a sa mu a addu'a. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Wassalam, naku har kullum.